Ciwon da Ke Tsoron Ruku'u

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Zuwa ga ɗana Mannir,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar uba, tare da fatan lafiyar jiki da ta zuciya. Allah ya tsare ka a hanya da inda hanyar za ta sauke ka, ya kare ka daga mugun ji da mugun gani, ya haɗa ka da mutanen kirki. Amin.

Za ka yi mamakin takarda daga mutumin da ƙofar ɗakinshi ke kallon taka. Kada ka yi. Sau uku cikin satin nan ina aikawa a kira ka don in yi maka wannan magana, sau ukun kuma in ka zo ka durƙusa sai in ce ka duba ko an ba tumaki ruwa. Bakina bai saba da irinta ba. Hannu ya ɗan fi shi sauƙi, ko da yake rabona da dogon rubutu tun ina aji uku na sakandare, inda karatuna ya tsaya. In ka ga layi ya karkace, a kan cinya nake rubutawa, ina yi ina hutawa.

Innarka ta faɗa mini ka gama shiri, ranar kasuwa za ka bi motar Kano, an samo maka wuri cikin 'yan lodin buhuna. Ta kuma faɗa mini amsar da ka ba ta da ta kawo maka maganar Baffanka Sada, cewa akwai keken ɗinki a shagonshi na Safana da babu mai hawa. Ka ce gara ka ci ƙasa da ka zauna ƙarƙashin mutumin da ya nakasa ubanka. Wannan maganar ita ta sa na ɗauki biro. Daga bakina ka koye ta, kuma ba gaskiya ba ce. Ina so ka san haka kafin ka ba buhun farko wuyanka.

Ka san ban gaji komai ba sai 'yar gonar nan ta Yasore da fartanya biyu. Da kakanka ya rasu na bar makaranta na shiga kasuwar Batsari da wando ɗaya. Gidan bulon nan da kake kwana ciki, da shanun huɗar da muke da su kafin a kore su, da ƙarin gonar da na saya, duk a wuyana suka zo, buhu bayan buhu. Ba na jin kunyar faɗin haka, har gobe. Abin da nake jin kunya shi ne yadda na ɗauke su.

Lodi aikin mutum uku ne. Biyu su kama kunnuwan buhu su ɗaga, na uku ya ba da wuya ya karɓa, ya hau katako ya kai cikin mota. Haka na ishe ana yi. Ni na ce ba a kama mini. In mutum ya miƙo hannu sai in daka mashi tsawa, "Sakar mini!" In sunkuya ƙafafuna a miƙe, in fizgo buhun gero daga ƙasa, in murɗa ƙugu in jefa shi a kafaɗa. Mutane su tsaya kallo, masu shan shayi su riƙa buga tebur. Har sunana ya ɓace. Daga Batsari zuwa Darini ba wanda ya san Rabe, sai Sakar-mini. Wallahi ina jin daɗin sunan nan fiye da ladan aikin.

To in har ka taɓa tsayawa gaban buhu, ko a ina ne, ka bari a kama maka. Ka sauka da gwiwa, kayan su manne da jikinka, in za ka juya ka juya da ƙafa, ba da ƙugu ba. Waɗanda suka buga mini tebur da yawansu suna nan da ransu. Suna wuce ni a ƙofar gida su ce, "Sannu Malam Rabe, ya jiki?" su yi gaba. Ban ga laifinsu ba. Kallo suka zo yi, sun kuma yi.

Wata rana da kaka muna lodin gyaɗa a Darini, na fizgo buhu na ji wani abu ya ce ƙas a ƙasan bayana, kamar an karya kara. Zafi ya bi ƙafata ta dama har yatsa. Mai hankali ajiyewa zai yi. Ni sai na duba na ga ana kallona, na ƙarasa sauran buhunan. Washegari sai da innarka ta juya ni a kan gado, lokacin ko shekara ba ta yi a gidana ba. Wanzami ya zo ya yi mini ƙaho. Wani ya ce basir ne, ya kawo jiƙo a gora. Wani ya ce sanyi ne. Babu wanda ya ce asibiti, ni ma kuma da an ce da ban je ba. Kwana huɗu na koma kasuwa, don na ji labarin wani daga Safana ya fara ɗaukar buhu shi kaɗai. Abokin aikina ya miƙo mini wata 'yar farar ƙwaya, ya ce in kora da shayi. Na kora, na ji garau, na ɗauki buhu. Na yi shekaru ina korawa.

Ku yanzu tiramol gare ku, kuma na san a wurin lodi kamar goro ake miƙa ta. Ba ta gyara komai, Mannir. Bakin ciwo take toshewa, kai kuma ka ci gaba da ɓarna ba ka ji. Ranar da jikinka ya ce ka ajiye, ka ajiye, ko duk kasuwa na kallo.

Akwai wani abu da ban taɓa ba ka labarinshi ba, na Dikko. Tare muka fara dako da shi, mutum ne mai barkwanci, shi ya laƙaba mini sunan nan. Mun loda rogo a a-kori-kura za mu kai Safana, kayan sun yi tsini, muka hau can sama mu huɗu muna riƙe da igiya kamar yadda aka saba. Mota ta faɗa rami ta yi tsalle, Dikko ya wuntsulo ya faɗi da baya a gefen hanya. Da muka isa kanshi idonshi biyu, har yana ƙoƙarin dariya. Ya ce, "Sakar-mini, yau fa ni ma a sakar mini. Kada ku taɓa ni tukuna, bayana ba daidai yake ba." Na ga yatsun ƙafarshi na motsi, da idona na gani. Na ce, "Kai tashi, raki gare ka." Na kama shi ta hammata na zaunar da shi, muka zuba mashi ruwa a kai. Muka tare mai babur, muka sa shi a tsakiya ni ina riƙe da shi ta baya, muka bi hanyar nan mai gargada har asibiti. Kafin mu isa ya daina jin ƙafafun. Shekara shida ya yi kwance kafin Allah ya karɓi abinshi. Bai taɓa ce mini komai ba, in na je gaishe shi zolaya ce kawai. Har yau ban sani ba, faɗuwar ce ta gama da shi ko hannuna ne. Ba wanda zai iya faɗa mini.

Kada ka hau saman kaya, ko direba ya ce kyauta ne. Kuma in Allah ya nufa ka tsaya kan wanda ya faɗo, daga mota ne ko babur ko itace, ya ce maka bayanshi ko wuyanshi, kada ka zaunar da shi, kada ka naɗe shi a babur. Mutum ɗaya ya riƙe kan kada ya motsa, a ciro ƙyaure ko katako mai faɗi, hannu da yawa su ɗora shi a miƙe kamar yadda yake. In ana yi maka ihu cewa kana ɓata lokaci, ka bar su su yi.

Yanzu maganar Baffanka.

Ranar sunan ƙanwarka muna zaune a tabarma a ƙofar gida, na tashi zan raka baƙi, sai da na dafa bango. Sada ya gani. Ya ce, "Yaya, ka rage ɗaukar nan. Wallahi za ka zauna, ko kana so ko ba ka so." A gaban mutane ya faɗa. Na ce, "Zama ai naku ne, teloli. Mu maza a tsaye muke ci." Aka yi dariya, ya sunkuyar da kai. Da ma na daɗe ina raina sana'arshi, ina kiranta aikin zaune.

Bayan kamar shekara biyu ƙafafuna suka fara. Ba ciwon bayan da na saba ba ne, wani abu ne daban. In na tsaya na ɗan daɗe, ko na yi tafiya kaɗan, sai cinyoyina su yi nauyi, ƙafa ta riƙa yi kamar tururuwa na bin ta, daga nan ta mutu. In na zauna, kafin a sha ruwa abin ya wuce, in tashi kamar ba ni ba. Daga gida zuwa masallaci sai na tsaya sau biyu, in yi kamar ina gyara takalmi. Amma in hau keke in je Yasore in dawo lafiya lau. In tura baro cike da taki, lafiya lau. A sahu kuwa, tsayuwa azaba ce, liman na karatu ina roƙon Allah ya gajarta. Da zarar an yi ruku'u sai in ji kamar an zare mini ƙaya. A nafila nakan daɗe a sunkuye har mutane suka lura. Wani tsoho ya ce, "Sakar-mini ya zama waliyyi, ruku'unshi ya fi karatunshi tsawo." Na yi dariya tare da su, ba su san hutawa nake ba.

Aka kai ni wurin wani malami a wani ƙauye, ba sai na faɗi sunanshi ba. Na zayyana mashi komai. Ya gyara zama ya ce, "Ciwo ya bar ka ka hau keke, ya hana ka takawa zuwa masallaci, kuma in ka yi ruku'u ya gudu? Malam Rabe, ciwon Allah da Annabi ba ya tsoron ruku'u. Wannan turo shi aka yi. Akwai wanda ya taɓa yi maka baki?"

Ka lura da kyau. Malamin bai kira sunan kowa ba. Ni na kawo sunan. Nan take maganar nan ta faɗo mini, za ka zauna ko kana so ko ba ka so, na ji komai ya haɗu. Kuma in faɗa maka gaskiya, daɗi na ji. Ya fi mini sauƙi a ce ƙanena ya yi mini sammu da a ce buhu ya kayar da ni. Wanda aka yi wa sammu ai don ya fi ƙarfin mutane ne. Wanda buhu ya kayar kuwa, ɗan dako ne kawai da ya tsufa.

Sauran ka sani, don a gabanka aka yi. Kayan sallar da ya ɗinka muku na sa aka mayar mashi. Na hana ku taka shagonshi. Da kakarka ta rasu tabarma biyu aka shimfiɗa, masu gaisuwa su gaishe ni nan su tsallaka su gaishe shi can. Na sha rubutu, na yi hayaƙi, an tona ƙofar gidan nan ana neman abin da aka binne. Tsohon ƙarfe aka samu da ƙashin kaza, na ce ga shi nan. Shekarun da ya kamata a ce likita ya duba ni, a haka suka tafi, tafiyar da nake iyawa kuma tana ta raguwa.

In ciwo ya yi maka abin da ba ka gane ba, ka ce ban gane ba, ka nemi wanda ya karanci jikin mutum. Addu'a ba ta hana wannan, ni ma ban daina ba. Amma kada ka ɗauki sunan ɗan'uwanka ka cike gurbin abin da ba ka sani ba.

Ranar gona kai ma kana nan, amma ban taɓa faɗa maka yadda na gan ta ba. Da hantsi ne, muna yankan gero a Yasore, aka ji ƙarar baburan 'yan bindiga ta yamma, wani ya yi ihu, "Ga su nan!" Kowa ya watse. Na yi gudu, Allah ya sani na yi. Ban kai ƙarshen kunya uku ba ƙafafun suka mutu, na zube. Na ce maka ka tafi. Ka ce, "Baba, hau." Na ce ka tafi, na zage ka. Ka juyo ka ciccibe ni ka goya, ka bi ta cikin dawa har kwazazzabon nan. Wajen gangarawa ka zame, ka faɗi zaune da nauyina a kanka, na ji ƙarar da ka yi ka haɗiye. Ka tashi ka ci gaba. Mun tsira, gero da shanu ba su tsira ba, tun ranar kuma ba mu sake noma gonar ba.

Allah ya yi maka albarka. Ban faɗa ba a ranar, ina faɗa yanzu.

Amma tun daga lokacin nake kallonka. Aikin da ya rage mini ke nan, kallo. Ina ganin yadda kake canza ƙafa in tsayuwa ta yi tsawo. Ina ganin kana murza cinyarka ta hagu in ka ɗauka ba kowa. Shekaranjiya ka sauke jarkar ruwa daga baro, ka tsaya dafe da bango kana yi kamar kana duba waya. Ni za a yi wa wannan? Ni da na yi shekaru ina gyara takalmin da bai kwance ba?

Bayan ranar gonar ne innarka ta tsaya kai da fata sai na je babban asibiti a Katsina. Ta ce, "Malam, in ba za ka je don kanka ba, ka je don wanda zai sake goya ka." Na je. Likitar mace ce, yarinya ƙarama, ina ganinta na ce a raina an ɓata mana kuɗin mota. Na fara bayani ban yi nisa ba ta tare ni.

"Baba, in ka zauna yana sauka?"

Na ce yana sauka.

"In ka sunkuya fa, kamar ruku'u?"

Na ɗago na kalle ta.

"Keke ba ya ba ka wahala, ko? Tura baro ma haka."

Na ce, "'Yar nan, ke ma duba kike yi?"

Ta yi dariya har ta ajiye biro. Aka sa ni cikin wani inji aka ɗauki hoton bayan. Ta ɗora hoton a haske ta nuna mini. Ta ce ƙashin baya ba dunƙule yake ba, rami gare shi a tsakiya daga wuya har ƙugu, ta nan laka da jijiyoyin ƙafa suke bi. Nawa ramin ya ƙuntace a ƙasa, ƙashi ya yi kauri, faifan da ke tsakanin ƙasusuwan ya lotse ya turo ciki, jijiyoyin suna matse. In na miƙe tsaye ramin na ƙara tsukewa. In na sunkuya yana ɗan buɗewa, jijiyoyin su samu sarari. Shi ke nan.

Na ce, "To ruku'un fa?"

Ta ce, "Baba, ko wanda bai taɓa sallah ba, in yana da irin bayanka ya sunkuya, zai ji sauƙin nan."

Na tambaye ta me ke kawo shi. Ta ce shekaru na kawo shi, ɗaukar nauyi na shekara da shekaru na ƙara shi, tsohon rauni da ba a kula da shi ba yana gaggauta shi, wasu kuma da ƙaramin rami ake haihuwarsu, su abu kaɗan ke isarsu. Ta ce nawa da alama da ma can ba mai faɗi ba ne. Na ce ana gadonshi? Ta ce yana yiwuwa, ba dole ba. Ta koya mini motsa jiki, ta ba ni magani, ta ce in abin ya ƙi akwai aikin tiyata, amma jijiyar da ta daɗe a matse ba duka take dawowa ba. Ta kuma ja mini kunne, na rubuta don kada in manta, kai ma ka riƙe: in mutum ya fara kasa riƙe fitsari ko bayan gida, ko tsakanin cinyoyinshi ya mutu, ko ƙafa ta fara jan ƙasa, ba a kwana, ba a jiran ranar kasuwa, asibiti kai tsaye. Da za mu fita muka wuce ta ɗakin da aka kwantar da masu karyewar baya. Na ɗauka tsofaffi zan gani. Sa'o'inka ne, Mannir. Wannan babur, wannan saman mota, wannan ya faɗo daga gini, wannan harbi.

A mota muna dawowa innarka ta ce, "To Malam, Sada fa?" Na ce ta bar maganar. Ta bari.

Wannan shi ne mafi muni cikin duk abin da na lissafa maka. Na farkon duk rashin sani ne da ƙuruciya. Wannan kuwa na sani. Shekara biyu ke nan da na san ƙanena bai yi mini komai ba sai gargaɗi, na ci gaba da zama a ƙofar gida ina jin kuna zaginshi ban ce uffan ba. Kullum sai in ce gobe. Ina tunanin yadda za a ce Sakar-mini ya je ba tela haƙuri. Sai da na ji kana shirin kai bayanka Kano saboda ƙaryata, sannan na ga inda shirun ya kai mu.

Ranar Litinin da aka ce maka na je karɓo magani, Safana na je. Direban ya sauke ni a bakin hanya, daga nan zuwa shagon sai da na zauna sau uku. Na ishe shi kan keken ɗinki, ya yi furfura, tabarau a kan hanci. Na yi sallama. Ya ɗago, ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Wa ya mutu?"

Na ce, "Ba kowa. Ni ne na zo."

Ya tura mini benci da ƙafa. Na faɗa mashi komai, yadda na rubuta maka nan, har da maganar likita. Bai daina taka keken ba sai da na gama. Ya ce, "Yaya, shekara tara. Matata ta daina zuwa biki Batsari saboda ana nuna ta da baki. Ɗiyana sun tashi ana ce musu ɗiyan mai sammu. Kai kuma ka ce shekara biyu ke nan da ka sani?"

Na ce, "Shekara biyu."

Ya cire tabarau ya goge ido. Ya ce, "Na yafe, don Allah da darajar iyayenmu. Amma ba yau zan daina jin zafi ba, kada ka sa rai." Na ce ban sa ba. Ya aika aka kawo fura, muka sha. Can na kawo mashi maganarka. Ya ce, "Yana da haƙuri? Ɗinki ba ƙarfi ba ne." Na ce ni ya gado. Ya ce, "To mun shiga uku. Turo shi."

Na kuma yi mashi alkawari ranar Juma'a bayan an sallame zan faɗa a ƙofar masallacinmu, a gaban waɗanda suka ji ƙaryar, cewa ƙarya ce. A zaune zan faɗa, amma za a ji.

Na san abin da ya sa za ka tafi. Rumbu babu komai, gona ta gagara, kayan masarufi kullum sai sama, ga ƙannenka. Na san lodi a ranar ake ba mutum abinshi, ɗinki kuwa sai an yi watanni ana sa maɓalli kafin a ga wani abu. Ban ce maka babu wuya ba. Ban kuma ce zaman keke ba ya taɓa baya ba, shi ma sai kana tashi kana miƙewa. Amma mun yi magana da innarka, za mu iya. Mun ci sau ɗaya a rana a baya ba mu mutu ba, ga tumaki, ga ƙuli-ƙulin da take yi. Abin da ba za mu iya ba shi ne mutum biyu a tabarma a ƙofar gida ɗaya. Na gaji, Mannir. Ba ni da ƙarfin ganin haka.

Ni ba likita ba ne, wataƙila abin da ke cinyarka ba irin nawa ba ne, wataƙila ƙaramin abu ne da zai wuce. To a bar wanda ya sani ya faɗa. Kafin ka je ko'ina ka je Katsina a duba ka, ka faɗa musu faɗuwar kwazazzabo yadda ta faru, kada ka rage don kunya. Daga nan ka wuce Safana. Ka gaishe da Baffanka a durƙushe, ka gaishe da matarshi, ita ma akwai haƙƙinta a kanmu.

Ina da ikon in ce na hana ka zuwa Kano, na kuma san in na faɗa ba za ka tsallake ba. Ba zan faɗa ba. Da umarni na raba ka da Baffanka, ba na so in mayar da kai da umarni. Roƙo nake. Tun da na tashi ban san na roƙi mutum wani abu ba, sai cikin satin nan na roƙi mutum biyu. Ɗaya ya amsa.

Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya riƙe maka ƙafafunka har tsufa, ya sa ka fi ni sauƙin kai. Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa, ya mayar da mu gonakinmu lafiya. Duk motar da ka shiga, Allah ya sauke ka lafiya. In ka gama karantawa ba sai ka zo ka ce mini komai ba, ka faɗa wa innarka, za ta faɗa mini.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
Rabe